Yadda Ake Shirya wa Odita a Ofishin Taimakon Shari'a da Gwamnati ke Ba Kuɗi

Lauya ya saba shi ke yin tambaya. Zai tsare mai shaida a gaban alƙali, ya bi da shi ta nan ya ɓullo ta can, har sai gumi ya karyo wa mutum. Amma ran da odita, wato mai binciken kuɗi, ya ja kujera a ofishinsa ya ce, "Barista, ina rasit ɗin tafiyar nan ta watan Maris?" sai ka ga annuri ya ɗauke. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na yi shekaru ina riƙe littattafan kuɗi a wuraren da ake tsaya wa talaka a kotu ba tare da ya biya ba, kuma yawancin tuhumar da na ga odita ya rubuta ba ta sata ba ce. An yi aikin. An je kotun, an yo belin, mutumin ya koma cikin iyalinsa. Takarda ce babu. A irin wannan ofis kowace naira igiya biyu gare ta: ɗaya tana ɗaure da bauca, wato takardar shaidar biyan kuɗi, ɗaya tana ɗaure da fayil ɗin shari'ar wani bawan Allah. Odita zai ja duka biyun, kuma in ɗaya ta tsinke a hannunsa, rantsuwa ba za ta ƙulla ta ba. Ga yadda ake bin abin, daga farkon shekara har zuwa miƙa rahoto.

Da farko, san dokar da ta ɗaure ka

Ba duk ofisoshin taimakon shari'a ne ke ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya ba, kuma nan ne sabon akanta ke fara ruɗewa.

Akwai Hukumar Ba da Taimakon Shari'a ta Najeriya, wadda jama'a suka fi sani da Legal Aid. An kafa ta a 1976, dokar da take aiki da ita yanzu kuma ta 2011 ce, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya. Tushenta yana cikin tsarin mulki, domin sashe na 46 ya ɗora wa Majalisar Tarayya yin tanadin taimaka wa marar galihu da aka tauye wa haƙƙi ya samu lauya. Hukuma irin wannan tana bin Ka'idojin Kuɗi na Gwamnatin Tarayya na 2009, da Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, da duk takardun umarni da ke fitowa daga ofishin Akanta Janar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Odita Janar na Tarayya ba shi ne ke binciken lissafin shekara na hukumomin da doka ta kafa ba. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya hana shi yin hakan, ya kuma hana shi naɗa musu odita. Abin da yake yi uku ne: ya ba su jerin kamfanonin da suka cancanta su zaɓa daga ciki, ya ba su ma'aunin ladan da za a biya, sannan ya yi sharhi a kan lissafin da rahoton da odita na waje ya rubuta. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa, domin sashen nan dai ya ba shi ikon turo jami'ansa su duba littattafanku lokaci zuwa lokaci. Ma'ana ido uku ne a kanka: odita na cikin gida, odita na waje, da mutanen Odita Janar. A matakin jiha sashe na 125 ya shimfiɗa irin wannan tsari ga Odita Janar na jiha.

In kuma taku ƙungiya ce mai zaman kanta, mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda gwamnati ta ba tallafi don ta yi wa masu jiran shari'a aiki, to babbar dokarku ita ce takardar yarjejeniyar tallafin. Nemo ta, ka karanta ta da biro a hannu. Ja layi a ƙarƙashin abin da aka yarda a kashe kuɗin a kai, da abin da aka hana, da ranar miƙa rahoto, da abin da za a yi da rarar kuɗi in wa'adi ya cika. Na ga ofishin da ya yi shekara guda yana kashe tallafi, kwafin yarjejeniyar kuwa yana kulle a durowar shugaba, akanta bai taɓa ganin ta ba.

Na biyu, ɗauko odita tun da sauran lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin shekara ta ƙare ya kamata a ce hukumar gudanarwa ta zauna ta amince da kamfanin da zai yi binciken, an kuma rubuta hakan a cikin bayanin taro. Tabbatar mai sa hannu ɗan ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ne ko ta ANAN mai lasisin aiki, kuma yana da lambar rajistar FRC, wato hukumar da ke kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, domin lambar nan tana fitowa a jikin rahoton. Tabbatar ba ƙanin shugaba ba ne, ba surukin wani ɗan hukumar gudanarwa ba ne, kuma ba shi ne ya rubuta muku littattafan da zai zo ya bincika ba. A yi takardar yarjejeniyar aiki mai faɗin shekarar da za a bincika, da ranar farawa, da ranar miƙa rahoto, da lada. Daga nan ka roƙe shi jerin takardun da zai buƙata. Odita na kirki zai ba ka, don shi ma ba ya son ya zo ya zauna yana kaɗa ƙafa ana neman fayil.

Na uku, bauca

Nan zan daɗe, domin nan ne rabin aikin yake.

Bauca ita ce shaidar biyan kuɗi, amma ita kaɗai fanko ce. Abin da aka liƙa a bayanta shi ne hujja. Ɗauki misalin lauya da zai je kotu a wata ƙaramar hukuma. A bayan baucar ya kamata a samu takardar da ya rubuta yana neman izinin tafiya, ɗauke da lambar shari'ar da sunan kotun da ranar zaman. Sa hannun wanda ke da ikon amincewa, da kwanan wata da ya riga ranar tafiya. Lissafin kuɗin kwana bisa matakin albashinsa. Hatimin odita na cikin gida da ke nuna ya duba kafin a biya. Shaidar cewa kuɗin ya shiga asusun lauyan. Sannan, bayan ya dawo, ɗan taƙaitaccen rahoton abin da ya faru a kotu. Tun 2009 gwamnatin tarayya ta koma biyan kuɗi ta banki kai tsaye, don haka biyan mutum biyar ta asusun mutum ɗaya ya raba musu abu ne da odita ke gani tun daga nesa.

Kwanan wata shi ke tona asiri. Odita ba ya fara da jimilla, yana fara jera ranaku ne. In izini ya fito ranar 14 alhali tafiya ta kasance ranar 9, ya kama. In rahoto ya ce an yi zaman kotu ranar da ta faɗo Lahadi ko ranar hutun Sallah, ya kama. In lauya ɗaya ya karɓi kuɗin kwana a garuruwa biyu a dare ɗaya, ya kama. Kai ma ka ajiye kalanda a gefenka ka yi wa kanka wannan gwajin kafin wani ya yi maka.

Sai maganar kuɗin da ake ba jami'i a hannu kafin aiki, da abin da mutanen ofis ke kira ritaya. Wannan ritayar ba ta barin aiki ba ce, ita ce mutum ya dawo da rasit na abin da ya kashe, ya kuma mayar da canji. Ka'ida ita ce ba a ba mutum sabon kuɗi alhali bai yi ritayar na baya ba, kuma kuɗin hannu na yau da kullum dole a rufe shi a ranar 31 ga Disamba ko kafin nan. Buɗe littafi na musamman: sunan jami'i, ranar karɓa, adadi, dalili, ranar ritaya. Duk ƙarshen wata ka fitar da sunayen waɗanda suka makara ka kai teburin shugaba. Za a ce ka cika tsanani. Bari a ce.

Matsalar aikinmu ita ce abubuwa da yawa ba su da rasit. Ɗan acaɓa ba ya yanka rasit. Mai A Daidaita Sahu ba ya yanka. Mai kai sammaci da za a ba kuɗin mai ya kai takarda ƙauye, shi ma haka. Hanyar da aka sani ita ce jami'i ya rubuta takardar shaida da hannunsa cewa ya kashe kaza a kan kaza, ranar kaza, a shari'a mai lamba kaza, ya sa hannu, na gaba da shi ya sa hannu a ƙasa. Amma wannan ta ƙananan abubuwa ce. Ba a sayen taya da ita, ba a biyan otal da ita. Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne a je kasuwa a sayo littafin rasit a zauna ana cikewa.

Na taɓa gani da idona a wata ƙungiya da na yi wa aiki. Odita, wani dattijo mai magana ƙasa-ƙasa, ya jera rasit huɗu na gidajen mai daban-daban a kan tebur, ya kira direba. Ya ce, "Malam, duba mini nan. Gidan mai huɗu, gari uku, amma duk mai rubutun yana lanƙwasa bakwai ɗinsa iri ɗaya. 'Yan gida ɗaya ne?" Direba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi man an sha shi. Na bumburutu muka saya a hanya, ba su da rasit." Kuma gaskiya ya faɗa, domin littafin motar ya nuna tafiyar. Da ya rubuta haka tun farko, da tuhumar ba ta wuce layi biyu ba. Rasit ɗin bogi ya mayar da ita shafi guda, ya kuma sa dattijon ya ninka yawan baucocin da zai duba. Saboda haka kowace mota ta samu littafinta: ranar fita, inda aka je, lambar mita da tashi da dawowa, man da aka sha, sa hannun wanda aka ɗauka.

Kada ka manta da littafin kasafi. Kuɗin da aka ware wa zirga-zirgar kotu ba a sayen labulen ofis da shi, ko da labulen ya yage. Ɗauke kuɗi daga wani kai zuwa wani yana buƙatar izini a rubuce daga wanda doka ko yarjejeniya ta ba ikon, kuma izinin ya riga kashewa.

Na huɗu, fayil ɗin shari'a da maganar sirri

Wannan shi ne ya bambanta mu da ma'aikatar ruwa ko ta noma. Kuɗin an ba mu ne don talaka, don haka odita yana da haƙƙin tambaya: wa kuka yi wa aikin, kuma ya cancanta? Dokar Legal Aid ta 2011 ta ɗora cancanta a kan wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda ya koma naira 70,000 a wata a 2024, ta kuma bar ƙofa ga hukumar gudanarwa ta amince da wanda ya wuce haka a yanayi na musamman. Ƙungiya mai tallafi kuwa ta duba ma'aunin da yarjejeniyarta ta sa.

Ke nan kowane fayil ya buɗe da fom ɗin karɓa: sana'ar mutum, abin da yake samu, iyalin da yake ci da su, sa hannunsa ko dangwalen yatsa, sunan jami'in da ya tantance, da amincewar na sama. Manomi ko mai tura baro ba shi da takardar albashi, wannan sananne ne. A rubuta abin da ya faɗa da yadda aka gamsu. Wanda aka samu a gidan gyaran hali ko a caji ofis, a rubuta inda aka same shi da ranar. In an yi wa wani alfarma ta musamman, takardar amincewar ta zauna a shafin farko.

Sannan a ba kowane fayil lamba, lambar nan kuma ta bi duk kuɗin da aka kashe a kansa: kuɗin shigar da ƙara, kuɗin karɓar kwafin hukunci, tafiya, lada ga lauyan waje. Odita zai ɗebi samfuri ta fuska biyu. Zai ɗauki bauca ya ce a kawo fayil ɗin, zai kuma ɗauki fayil ya ce a kawo baucocinsa. Adadin shari'o'in da kuka rubuta a rahoton shekara ma zai ƙirga shi da rajistar fayiloli. In kun ce ɗari uku, rajista ta ce ɗari biyu da sittin, to akwai magana. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne ƙirga shari'a ɗaya sau biyu idan ta tsallaka daga wata shekara zuwa wata, ko haɗa wanda aka ba shawara ta minti goma da wanda aka tsaya wa a kotu.

Inda ofis ke biya wa fursunoni tara don a sake su, a haɗa abu uku: rasit ɗin kotu na gwamnati, kwafin takardar saki, da sunan da ya dace a duka biyun. Kula da sunan nan sosai. Mutum ɗaya zai fito Muhammadu a takardar kotu, Mamman a rajistar gidan yari, Muhammad a fom ɗinku. Lambar ƙara ce ke raba gardama, don haka ta fito a kowace takarda.

To, a nan lauyoyi ke tayar da jijiyar wuya, kuma suna da gaskiya. Abin da mutum ya faɗa wa lauyansa amana ce; Dokar Shaida ta 2011 ta kare shi, ƙa'idojin aikin lauya sun haramta bayyana shi, ga kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Matar da ta kawo ƙarar cin zarafi ba ta zo don wani akawu ya karanta labarinta ba. Amma sirri ba ya zama dalilin rufe wa odita ƙofa baki ɗaya. Yadda na ga ya fi tafiya daidai shi ne a raba fayil gida biyu tun ranar buɗe shi. Ɓangaren gudanarwa ya ƙunshi fom ɗin cancanta, amincewa, ranakun zama, rasit. Ɓangaren lauya ya ƙunshi bayanan da aka ɗauka daga bakin mai ƙara, shawarwari, dabarun kariya. Odita ya ga na farko, a gaban wani lauyan ofis da zai riƙe fayil ɗin yana buɗe masa shafin da ya nema. Ba ya fita da fayil, ba ya ɗaukar hoto da waya, kuma a takardun aikinsa lamba yake rubutawa ba suna ba. A sa wannan sharaɗi cikin yarjejeniyar aiki tun farko, kada a bari sai an zauna a fara ja-in-ja.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, hukumar LSC da majalisarsu ta kafa a 1974 tana raba kuɗin gwamnati ga ƙungiyoyin lauyoyin talakawa, kuma tana wajabta wa kowacce binciken odita mai zaman kansa duk shekara, a miƙa rahoto cikin kwana 120 da rufe shekara. Su ma odita yana ɗiban samfurin fayiloli ya duba ko an bi ma'aunin cancanta.

Na biyar, kuɗin da ba naku ba ne

Wani lokaci kotu za ta yanke wa wanda kuke wakilta diyya, ko a yi sulhu a biya ta hannun ofis. Wannan kuɗi amana ne. Ba ya shiga asusun gudanarwa ko na kwana ɗaya, ba a ranta daga ciki "kafin kuɗin wata ya sauka". Ya samu littafinsa, kowane mai haƙƙi da shafinsa, kuma ran da aka miƙa masa ya sa hannu a gaban shaida. Jimillar shafukan nan dole ta yi daidai da abin da ke asusun, har kwabo.

Haka kuɗin masu ba da tallafi na waje. Kowane tallafi da lissafinsa. Babban abin da odita ke farauta a nan shi ne biyan abu ɗaya sau biyu: taron horarwa guda, an caje shi a kuɗin gwamnati, an kuma caje shi a kuɗin tallafi. Buga wa duk rasit ɗin da aka biya hatimin "an biya", da lambar bauca da sunan asusun da ya biya. In ma'aikaci ɗaya yana yi wa tallafi biyu aiki, ya riƙa cike takardar lokaci da ke nuna yadda ya raba ranakunsa, albashinsa kuma a raba shi bisa haka.

Ga hukumar tarayya, tun Satumban 2015 kuɗi yana zaune ne a asusun bai-ɗaya na TSA a Babban Banki, ana karɓa da biya ta manhajojin kwamfuta da gwamnati ta amince da su. Buɗe wani asusu a bankin kasuwa ba da izinin Akanta Janar ba laifi ne mai zaman kansa, ko da ba a taɓa ko sisi ba.

Na shida, sauran da ake gamawa da sauri

Albashi: a gwada jerin masu karɓa da jerin ma'aikata na sashen mulki. Wanda ya rasu, ya yi ritaya, ko mai yi wa ƙasa hidima da ya gama, a cire shi a watan. Kasancewar albashi yana fita ta IPPIS, tsarin biyan albashi na bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, bai ɗauke muku wannan ba. Fansho a ƙarƙashin dokar 2014 kashi 8 ne daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, a tura cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi.

Haraji: abin da aka cire wa ɗan kwangila, da VAT na kashi 7.5, da harajin albashi, a tura su a kan lokaci a kuma ajiye shaidar turawa. Cirewa ba tare da turawa ba ya fi rashin cirewa muni.

Sayayya: a nemi farashi daga aƙalla mutum uku, a duba rajistarsu da takardar biyan harajinsu, kaya su shiga sito a rubuce kafin su fita a rubuce. Yanka kwangila ɗaya gunduwa-gunduwa don ta tsere wa iyakar amincewa laifi ne a dokar 2007, kuma ba shi da wuyar ganewa: kwamfuta goma, takarda biyar, ɗan kwangila ɗaya, mako ɗaya.

Kadarori: kowace kujera, janareto, kwamfuta da littafin doka mai tsada ya samu lamba a jikinsa da layi a rajista, tare da ofishin da yake. Odita zai ɗauki lamba daga rajista ya ce a kai shi ya gani.

Na bakwai, rufe shekara da haɗa lissafi

Daidaita littafin kuɗi da bayanin banki aikin kowane wata ne, wani ya shirya, wani daban ya duba ya sa hannu. Wanda ya tara na wata goma sha biyu sai Janairu, ya haɗa wa kansa aiki. A ƙarshen shekara kwamiti ya ƙirga tsabar kuɗin da ke akwati da kayan sito ya rubuta. A jera basussukan da ake bin ofis, musamman ladan lauyoyin waje da suka gama aiki ba a biya su ba, domin tun 2016 gwamnatin tarayya ta koma tsarin IPSAS da ke rubuta bashi ran da ya hau, ba ran da aka biya ba. In akwai ƙarar da aka kai ofis ɗin kansa, a bayyana ta. Sannan a haɗa bayanan kuɗi: abin da aka mallaka da abin da ake bi, shiga da fita, zirga-zirgar tsabar kuɗi, kwatancin kasafi da abin da aka kashe, da bayanan ƙarin haske. Haɗa wannan aikin ofis ne, ba na odita ba.

Na takwas, ran da ya iso

Ba shi ɗaki mai makulli da soket mai aiki. Naɗa mutum ɗaya da duk buƙata za ta bi ta hannunsa, da littafin da ake rubuta abin da aka ba shi da abin da ya dawo da shi. A yi taron buɗewa da shugaba. Ka gaya wa ma'aikata su amsa abin da aka tambaye su, abin da ba su sani ba su ce ba su sani ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ka san wata bauca ta ɓata ko wani jami'i ya riƙe kuɗi, faɗa da bakinka, ka nuna matakin da aka ɗauka. Kada a gyara tsohuwar takarda, kada a mayar da kwanan wata baya. Ruwa da shayi ba laifi. Ambulan kuwa ko "kuɗin mai" ga odita, wannan ya fita daga lissafi ya shiga hurumin ICPC da EFCC.

Duk tambayar da ya rubuto, a amsa a rubuce, da hujja liƙe. "An lura, za a gyara" ba amsa ba ce. Amsa ita ce wa zai gyara, me zai yi, zuwa yaushe. In kuna ganin ya yi kuskure, ku faɗa da ladabi ku kawo takarda; odita ma ɗan Adam ne, kuma sau da yawa bai san yadda kotu ke ɗage zama ba tare da sanarwa ba, har lauya ya yi tafiya uku a kan zama ɗaya. Taron rufewa shi ne damarku ta ƙarshe ta kashe tuhuma kafin ta shiga rahoto.

Na tara, rahoto da abin da ke biyo baya

Takarda biyu zai bari. Ta farko ra'ayinsa a kan lissafin, kuma iri huɗu ne: ya ce lissafin ya nuna gaskiyar al'amari ba togaciya, ko ya amince amma da togaciya a kan wani ɓangare, ko ya ce lissafin bai nuna gaskiya ba, ko ya ce bai samu hujjar da zai iya cewa komai ba. Na ƙarshen nan mutane ke rainawa, alhali shi ne ke sa mai ba da kuɗi ya ɗaure bakin jaka. Ta biyu ita ce wasiƙar da yake rubuta wa shugabanni mai jera raunin da ya gani da amsoshinku. Kafin ya sa hannu zai nemi shugaba da akanta su sa hannu a takardar tabbacin cewa ba su ɓoye masa komai ba. Karanta ta layi-layi kafin ka sa naka.

Hukumar gudanarwa ta zauna ta amince, sannan a miƙa. Ga hukumomin tarayya, ƙa'idojin 2009 sun sa 31 ga Mayu na shekarar da ke biye a matsayin iyakar kai lissafin da aka bincika da wasiƙar ga Odita Janar. Kai da hannu, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka adana. Ƙungiya kuma ta kai wa ma'aikatar da ta ba ta tallafi a ranar da yarjejeniya ta sa, ta kuma cika bayanan shekara na CAC.

Abin da Odita Janar ya gani yana iya shiga rahotonsa na shekara ga Majalisar Tarayya, daga nan kwamitin asusun gwamnati na Majalisar Dattawa ko ta Wakilai ya gayyaci shugaba ya zo ya yi bayani, wani lokaci bayan shekaru, lokacin da akantan da ya san zancen ya daɗe da canza wurin aiki. Don haka a ɗaure baucocin kowane wata a jere bisa lamba, a sa su inda gara da yoyon damina ba sa kaiwa, a kuma ɗauki hotonsu a kwamfuta a ajiye kwafi a wani wuri daban. Takardun kwangila dokar 2007 ta ce a riƙe su shekara goma.

Sai ka ɗauki wasiƙar nan ka mayar da ita jadawali: tuhuma, mai gyara, wa'adi, inda aka kwana. Odita na cikin gida ya riƙa kawo shi gaban hukumar gudanarwa duk wata uku. Odita na baɗi, kafin ya buɗe bauca ko ɗaya, wasiƙar bana zai fara nema, ya bi ta layi-layi yana tambayar wanne aka gyara.